Zuwa ga Yaya, daga Shimokawa

Assalamu alaikum Yaya,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ya gida ya yara, ya ƙarfin jikin Baba, Allah ya ƙara mishi lafiya yasa kaffara ne. Ka gaida Inna sosai kace mata saƙonta na murya ya iso kuma na saurara har ƙarshe, ka gaida Goggo da maiɗakinka da duk wanda ya tambaye ni. Ni lafiyata ƙalau alhamdulillah, karatu da aiki suna tafiya.

Nace bari in zauna in rubuto maka doguwa tunda waya bata isarmu, awa 8 ne tsakaninmu, sanda kuke idar da asuba mu nan azahar ta gota, in kun natsu da daddare kuma ni ina shirin tashi. Naji hankalin Inna ya tashi tunda akace mata makaranta ta turo ni daji, toh dan Allah ka karanta mata wannan a hankali. Gari ne cikakke sunanshi Shimokawa, yana can arewacin tsibirin Hokkaido wanda shine ƙarshen Japan ta arewa, daga Sapporo inda nake karatu sai ka hau jirgin ƙasa zuwa Nayoro sannan ka shiga bas kamar rabin awa ta gabas. Akwai asibiti akwai makarantu akwai kantuna da wuta da ruwa ba yankewa. Abinda yasa ake cewa daji shine faɗin ƙasar garin murabba'in kilomita 644 ne amma wajen kashi 88 cikin 100 bishiyoyi ne, mutanen kuma kusan 3,000 ne kacal, mafi yawansu a dunƙule suke kusa da ofishin ƙaramar hukuma, kana fita bayan gari ka wuce gonaki shikenan sai duwatsu da itace iya ganinka. Sanyi kam akwai shi ba wasa, yana kaiwa digiri 30 ƙasa da sifili a irin wannan lokacin, a Disamba tun kafin ƙarfe 4 na yamma rana ta faɗi, amma cikin ɗaki da ɗumi kuma ina da kayan sawa masu kyau, ta kwantar da hankalinta.

Garin ba tsoho bane in ka duba, shekararshi ɗari da 'yan kai. Asalin masu ƙasar wata ƙabila ce Ainu, masu kamun kifi da farauta a bakin kogunan nan, kogin Nayoro da ya ratsa garin da babban kogin Teshio da yake zubawa a ciki, shiyasa har gobe sunayen rafuka da tuddai da yawa a yarensu suke. Gwamnatin Japan ta sa ma tsibirin suna Hokkaido a 1869 ta fara kwaso mutane daga kudu tana raba musu fili, su kuma Ainu aka hana su kamun kifinsu yadda suka saba aka matsa musu su bar yarensu da al'adunsu, sai a 2019 doka ta rubuta su a matsayin 'yan asalin ƙasa. Ina faɗa maka wannan ne saboda in ana bada tarihin garin yawanci daga 1901 ake farawa kamar kafin nan ba kowa a wurin, kuma abin baya min daɗi, zalunci ne aka yi ko da wanda ya gaji wurin yau mutumin kirki ne.

A 1901 ɗin ne wasu gidaje 25 suka taso daga yankin Gujo na jihar Gifu, can tsakiyar Japan, talakawa ne 'yan cikin duwatsu da gona ta yi musu kaɗan, suka zo suka sauka a inda ake kira Kaminayoro yanzu. Ba inji ba hanya, gatari da zarto kawai, su sare manyan bishiyoyi su ƙona su shuka a tsakanin kututtura, kuma dole su gama bukka su tara abinci kafin dusar ƙanƙara ta rufe su wata biyar. Jikokinsu na nan har yanzu, suna raye-rayen da kakanninsu suka zo dasu kuma akwai zumunci tsakanin garin nan da Gujo. Layin dogo ya iso a 1919, daga nan gungumen itace ya samu hanyar fita kasuwa, a 1924 aka cire su daga Nayoro suka zama ƙauye mai cin gashin kanshi, a 1949 aka ɗaga su zuwa gari. Ga kuma ma'adinai, zinare a Sanru da babbar mahaƙar jan ƙarfe ta kamfanin Mitsubishi, mutane suka yi ta kwararowa neman aiki har ƙidayar 1960 ta nuna mutum 15,555. Ka riƙe wannan adadin ka haɗa da 3,000 ɗin da na faɗa maka.

Yanzu ga abinda yasa malamaina suka turo ni nan ba wani gari ba. Duk dajin nan da ya kewaye su mafi yawanshi na gwamnatin ƙasa ne, har yau ma haka ne, wato mutanen gari suna sara suna ɗauka suna karɓar lada amma ba su da ta cewa kan nawa za a sare bana ko nawa za a bari, in an canza shawara a Tokyo aikinsu ya tsaya. Sai a 1953 shugabannin garin suka ce su ma sai sun mallaki nasu, suka sayi hekta 1,221 daga hannun gwamnati a kan yen miliyan 88, alhali kasafin kuɗin garin gaba ɗaya na shekara bai wuce miliyan 100 da ɗoriya ba. Kaga kusan duk abinda gari ke ci a shekara aka zuba a itace. Ko shekara biyu ba a yi ba, ranar 26 ga Satumba 1954 wata mahaukaciyar guguwa ta taso daga teku ta bi ta kan Hokkaido, ita ce ta kifar da jirgin fito mai suna Toya Maru a kusa da Hakodate mutum sama da 1,100 suka rasu, har ma da sunan jirgin ake kiran guguwar. Cikin dare ɗaya ta kwantar da bishiyoyi ba adadi a tsibirin, har da dajin da suka saya ko gama murna basu yi ba. Zuwa 1956 aljihun garin ya ƙone har aka sa su cikin garuruwan da gwamnati ke riƙe ma linzamin kuɗi, ba sa kashe komai sai an duba an yarda.

Wallahi Yaya a nan ne mutanen suka shiga raina, don wani zai ce a sayar da abinda ya rage a biya bashi a huta, kuma ba wanda zai ga laifinsu. Su sai suka kwashe itacen da ya faɗi suka sayar, suka kuma gane cewa dogaro da tsofaffin bishiyoyin da Allah ya shuka kawai ba zai kai su ba, in ka sare ka jira shekara ɗari biyu ko guguwa ta riga ka. Sai suka zauna suka yi lissafi mai sauƙi wanda ko ɗan firamare zai gane. Bishiyar katako a nan tana son kamar shekara 60 kafin ta isa yanka. In ana dasa hekta 50 duk shekara ba fashi, bayan shekara 60 an samu hekta 3,000, daga nan kowace shekara a sare hekta 50 da suka nuna a sake dasa su nan take, sauran yankuna 59 ɗin suna girma suna jiran layinsu. Kamar adashi ne, kowace shekara yanki ɗaya ke kwasa amma zubi baya tsayawa, kuma duk randa aka ce bari a ci na gaba tun yau adashin ya watse. Amfanin ba katakon kaɗai bane, aikin ne baya yankewa, duk shekara akwai dashe akwai shara akwai rage cunkoso akwai sara, mai iyali ya san baɗi ma da aiki ba sai ya kwashi yara ya tafi birni ba, masu gidajen yanka katako su ma sun san abinda zai shigo musu. Tun wajen 1960 suka ɗauki wannan hanyar, da filin bai isa ba suka ƙara sayen hekta 1,902 tsakanin 1994 da 2003, sai a 2014 zagayen ya haɗu aka fara sare abinda aka dasa da hannu ana mayarwa. Waɗanda suka sa hannu a takardar 1953 sun san sarai ba su zasu ga yankan ba, manya ne a lokacin, kuma shugabanni nawa aka canza tun daga nan ba wanda yazo yace tsarin na wanda ya gabace shi ne bari ya watsar.

Bari in baka yadda aikin yake da ido. Yanzu lokacin sara ne, da hunturu suka fi son yi saboda ƙasa ta daskare manyan motoci basa nutsewa kuma basa lalata ta. Muna fita da safe kowa da hular kwano da takalmi mai ƙarfe a baki, numfashinka yana daskarewa a gashin ido. Akwai wata mota mai dogon hannu, ta cafke bishiya daga gindi ta yanke ta kwantar ta zuge rassan ta gutsuttsura ta daidai awo, duk kafin ka gama gyara safar hannu, inda ta kasa hawa kuma sai mai injin zarto. Ni aikina awo ne da rubutu, in auna kaurin gungume in duba lafiyarshi. Bishiyoyin masu ganye tsinke-tsinke ne, wadda suke kira todomatsu bata zubar da ganye kuma in an yanka ta wani ƙamshi take yi mai sanyi da ke bin kaya har gida, sai karamatsu da ke yin ruwan ɗorawa kafin sanyi ta zube. Wani dattijo da nake bi a wurin aiki, mai ƙarancin magana, rannan ya durƙusa a kan wani sabon kututture ya share dusar da hannu ya kira ni, ya ɗora farce a tsakiya yana bin zoben da ke jikin itacen ɗaya bayan ɗaya, kowane zobe shekara guda. Na tsakiya masu faɗi ne, sai suka fara matsewa har da kyar kake rabe su, sai kuma suka sake buɗewa, ya nuna min daidai wurin yace nan ne aka zo aka rage na kusa da ita ta samu rana. Aikin da wani yayi da zarto shekaru talatin da suka wuce gashi a rubuce a cikin itace, kuma da bai zo ba shima da an gani. Da muka ƙirga har bakin ɓawo sai yace lokacin da aka dasa wannan yana ɗan makaranta, mahaifinshi na cikin masu dashen wannan gangaren.

Dashen kuma ba a dasa a tafi bane. Akwai wata ciyawa sasa, dangin gora ce gajera, in ba a bi ana yanke ta duk bazara shekaru da dama ba sai ta shaƙe dashen, ga ɓerayen daji masu gwaguyar ɓawo a ƙarƙashin dusa, ga barewarsu mai cin toho. Akwai kuma beyar, babbar dabba ce mai haɗari, amma yanzu tana kwance a rami sai sanyi ya wuce, in ta fito kuma kowa da ƙararrawa a kugu yake shiga kuma ba a barin mutum shi kaɗai, wannan ma ka faɗa ma Inna.

Toh duk suna cikin wannan dashen ne duniya ta juya musu baya. A 1964 Japan ta buɗe ƙofa gaba ɗaya ga katakon waje mai araha, farashin na gida ya fara shan wuya, matasa suka yi ta tafiya Sapporo da Tokyo, ƙidayar 1980 ta nuna ba garin da ya kai su zubewar mutane a duk Hokkaido. Mahaƙar jan ƙarfe ta tsaya a 1983, ta zinare a 1986, sai a 1989 aka rufe layin dogon ma baki ɗaya. Unguwannin ma'aikata suka zama kufai, makarantu suka rufe. Inda tashar jirgin take yanzu tashar bas ce, sun bar tsofaffin taragai a ajiye a wurin ana fentinsu ana kula dasu.

A wannan shekarun na baƙin ciki ne suka ƙirƙiro wasu abubuwa guda biyu da zaka ce ba su da alaƙa da cin abinci, amma na fahimci dalilinsu. Ana gyara filin kiwo duwatsu suka yi ta fitowa ba a san inda za a kai su ba, sai suka ce a gina ganuwa irin ta Sin da hannu, ba kwangila ba lada, kowa yazo ya ɗauki dutse ya ɗora, yara da tsofaffi da baƙi masu wucewa. Sun fara a 1986 suka kai kilomita 2 a shekarar 2000, tana nan a wani lambun shaƙatawa, duk watan Mayu ana taruwa a gindinta a gasa naman rago. Na biyu fitilar ƙanƙara ce, wannan da hannuna nayi a watan nan. Ka cika bokiti da ruwa ka ajiye a waje ya kwana, da safe gefe da sama sun daskare amma tsakiya da saura, sai ka kife bokitin ka zare shi ka fasa saman ka tsiyaye ruwan, ya bar maka ƙoƙon ƙanƙara garau, da magariba ka kunna kyandir a ciki. Duk Fabrairu suna jera dubbai a titi da ƙofar gidaje. Sanyin da ke korar mutane shi suka mayar abin taruwa, kuma mutumin da ya ɗora dutse a ganuwa da hannunshi zai yi wuya ya tattara ya bar garin.

Sai maganar gawayi, wadda ita tafi tsaya min. A 1981 wata dusa mai nauyi da jiƙa ta sauka tun bishiyoyin karamatsu basu gama zubar da ganye ba, ta karya matasan dashe masu yawa, sirara ne ba mai sayensu a matsayin katako. Ƙungiyar gama kai ta masu daji ta rasa yadda zata yi dasu sai ta koyi yin gawayi, kuma daga nan ne suka ɗauki ɗabi'ar cewa ba abinda za a zubar a jikin bishiya. Mai kauri a yi katakon gini, matsakaici a yanka a manne shi da gam ya zama babban katako, siriri a yi gawayi ko turaku, hayaƙin gawayin ma ana tara ruwanshi a jiƙa katako dashi don kar ya ruɓe, garin zarto a shimfiɗa ma shanu, ganyen todomatsu a dafa a tatsi man ƙamshi a sayar a ƙananan kwalabe, farar bishiyar nan mai ɓawo fari tas a yi tsinken cin abinci da ita. A 2003 suka zama na farko a Hokkaido da suka samu shaidar FSC, wata takarda ce ta duniya da ke tabbatar da cewa ba ɓarnar daji ake ba. Abinda ya rage na rassa da guntaye kuma sai a niƙa a zuba ma boila, wato babbar tukunyar dumama ruwa, sun fara da gidan wankan Gomi a 2004, yanzu makarantu da asibiti da ofishin hukuma da gidan tsofaffi duk da itacen garin ake dumama su, fiye da rabin ɗumin gine-ginen hukuma daga nan yake. Da can kuɗin kananzir da baƙin mai fita suke yi daga gari su tafi ƙasashen waje, yanzu suna zagayawa a hannun direba da mai niƙa da mai sara. Rarar da aka samu kuma raba ta biyu suke, rabi a ajiye don randa boila zata tsufa, rabi a sa a hidimar yara, maganin yara kyauta da ragin kuɗin abincin makaranta da na gidan raino. Yaran kuma tun daga rainon har ƙarshen sakandare, shekara 15, ana kai su daji a matsayin darasi, ƙanana suyi wasa da ganye manya su riƙe zarto.

Akwai wata unguwa Ichinohashi can gabas, a 1960 mutanenta sun haura 2,000, zuwa 2009 basu kai 100 ba kuma fiye da rabi tsofaffi ne da basa iya kwashe dusa daga ƙofarsu. A 2013 aka gina musu gidaje a haɗe da rufaffen baranda ɗaya mai tsawo, tsohuwa ta fita daga ɗakinta taje gidan waya ko wurin maƙwabciya bata taka ƙanƙara ba, boila ɗaya ke dumama duka, ragowar zafin kuma ana noman laimar kwaɗi irin wadda ake ci da shi, shiitake, mutane sun samu aiki har matasa daga birni sun dawo wurin da zama. Irin wannan ne yasa a 2017 aka basu babbar lambar yabo ta firaminista kan cigaba mai ɗorewa, karon farko da aka bada ta.

Kar kaji wannan kace aljanna ce. Har yanzu mutanen raguwa suke, masu mutuwa sun fi masu haihuwa nesa, wajen kashi 40 cikin 100 sun haura 65, ana neman masu aikin daji ana rasawa, kuma da yawan gine-ginen nan da tallafin gwamnatin ƙasa aka yi su, ba daga itace kaɗai ba. Dajin bai dawo da mutum 15,000 ba kuma ba zai dawo dasu ba. Amma jan ƙarfe ya ƙare zinare ya ƙare jirgi ya tafi, abinda suka dasa da hannunsu ne kawai ya tsaya tare dasu, akwai garuruwan ma'adinai a Hokkaido da ba su da irin wannan madogarar kuma sun fi su shan wahala sosai. Wani abin alfaharinsu kuma tsalle ne a kan dusa, mutum ya ɗaura dogayen alluna a ƙafa ya gangaro daga tudu ya tashi sama, ɗan garin nan Kasai Noriaki sau 8 yana zuwa gasar Olamfik ta hunturu, Okabe Takanobu kuma yana cikin waɗanda suka ci zinare a Nagano a 1998, da yamma zaka ga yara 'yan firamare suna ta gangarowa a tudun bayan gari.

Yanzu Yaya maganar da ka faɗa min ta masu gawayi da suka taya ƙiryoyin gonar gado da ɗorawoyin bakin rafi. Na san ba son ranka bane, kai ke riƙe da gida, maganin Baba kai ne, kuɗin makarantar yara kai ne, ga taki ya zama abinda ya zama, ni kuma ina nesa bani da bakin da zan koya maka yadda ake riƙe gida. Alfarma nake roƙo, dan girman Allah a dakata. Waɗannan ƙiryoyin Baba yace tun yana yaro ya same su haka, kuɗin da zasu bayar ba zai kai mu ƙarshen damina ba, kuma ko jikokinmu ba zasu ga irinsu a wurin ba in aka sare, ƙirya bata sauri. Ɗorawa kuwa kai ka fini sani, kalwar da Inna da Goggo ke daddawa da ita duk shekara kuɗi ne da ke dawowa ba a zuba komai ba. Mutanen nan ma gawayi suke yi ai, ba haramun bane, amma da karyayye da siriri da reshe suke yi, uwar suna barinta sai lokacinta yayi kuma sai an tanadi mai maye gurbinta. In dole ne a bari su sassabe busassun rassa da waɗanda suka yi ma shuka inuwa da yawa, kana tsaye a wurin, kar a taɓa gindi kuma kar a sa wuta kusa.

Kuma ba sai mun kalli Japan ba ma, su suna da ruwan sama da kuɗin gwamnati da mu bamu dashi. A ajinmu a Sapporo da aka zo misalin farfaɗo da bishiyoyi a ƙasa mai fari, Maraɗi aka kawo, sassabin zamanin nan da su Kawu ke yi, wato in kana sharar gona kaga toho daga tsohon kututture kar ka tumɓuke, ka zaɓi biyu ko uku masu ƙarfi ka datse sauran ka barsu su tashi, saiwar dama tana nan a ƙasa da ranta. Tun shekarun 1980 manoman Nijar ke yi kuma miliyoyin hekta sun farfaɗo ta haka, ba da wani babban kuɗi ba. Naji daɗi ranar har cikin raina. In Kawu yazo dubiyar Baba ka roƙe shi ya zagaya gonar da kai kafin sharar bana, musamman tohon gawo da kalgo da sabara da muke sarewa duk shekara.

Nawa ɓangaren kuma ga shi. Adadin da suka taya ka faɗa min shi daidai, zan turo shi kashi uku daga kuɗin tallafin karatuna, na farko ƙarshen watan nan in sha Allah ta hanyar da muka saba, na lissafa zai isheni in na rage wasu abubuwa kuma ba zan takura ba. A ciki ka cire kaɗan ka ba Auta ya tara ledojin fiya wata, a huda su ta ƙasa a cika da ƙasa da taki ruɓaɓɓe, a samu ɗanyar kalwa wadda ba a dafa ba a jiƙa ta a ruwan zafi ta kwana sannan a shuka bibbiyu a kowace leda, a ajiye a inuwa kusa da rijiya ana yayyafa ruwa, in damina ta zauna a dasa a kewaye da ƙaya saboda awaki. Ko 30 aka yi bana ya isa, amma baɗi ma a sake. Ya kuma ɗauko min hoton kowace babbar bishiya a gonar da wayarka, ya zagaya gindinta da igiya daidai ƙirjinshi ya auna igiyar da tef ɗin tela ya rubuta min, ina so in haɗa lissafinsu.

In ka ga da abinda ban hango ba ka faɗa min kai tsaye, kuma kar a yanke komai sai an ji ta bakin Baba. Azumi na ƙaratowa, zan yi ƙoƙari in sauka Sapporo don sallar idi tunda can ne masallaci yake, a nan ni kaɗai nake sallata a ɗaki kuma mutanen wurin aiki suna bani lokaci ba tare da wata magana ba. In an samu mai zuwa a aiko min da kuka da daddawa da yaji, a ɗaure su sosai a rubuta sunansu a jiki, banda kilishi ko wani abu na nama don a filin jirgi ƙwacewa suke kuma akwai tara mai tsanani. Ka ce ma Baba ina neman addu'a, jarabawata a watan bakwai ce.

Wassalam, naka ƙaninka.